Neman kalmar Hausa: ni dai na tsaya kan "maido-kira"

Jama'a, masu aikin haɗa kwamfutoci da malamanmu na Hausa a Kaduna, ku ɗan matso. Ina shirya wa ɗalibai darasi kan yadda a da ma'aikaci ke shiga kwamfutocin ofis daga gida ta layin tarho, sai ga abin da Turawa ke kira callback. Ba na son barin sa haka a takarda.

Ga yadda yake aiki. Kwamfutarka na da modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ta ofis ma haka. Ka buga lambar ofis, modem ɗin su yi ta ƙara suna daidaitawa, ka ba da sunanka da kalmar sirri. Sabar ofis, wato kwamfutar da ke karɓar masu shigowa, ta gane ka, amma ba za ta buɗe maka ba, sai ta katse layin. Bayan 'yan daƙiƙu layinka ya yi ƙara. Ita ce ta kira, kuma a kan wannan kiran na biyu za ka yi aiki.

A Windows NT da Windows 2000 zaɓi uku ake ba mai kula da saba ga kowane ma'aikaci: kada a kira shi, ko a kira lambar da ya bayar nan take, ko a kira lambar da aka rubuta masa tun farko. Na ukun shi ne na tsaro. Ko da wani a Kawo ya sace kalmar sirrinka ya buga, kiran gidanka na Barnawa zai tafi, ɓarawon ya tashi a tutar babu. Na biyun kuwa don kuɗi ne, bil ya koma kan ofis. Duk wanda ya riƙe layin NITEL mai lambar Kaduna 062 kafin zuwan salula a 2001 ya san ba ƙaramin sauƙi ba ne, tunda modem mafi sauri bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, fayil ɗaya sai ya zaunar da kai.

Saboda haka dole kalmar ta nuna abu biyu: ɗaya ɓangaren ne ke kira, kuma inda aka fito kiran ke komawa.

"Kiran baya" ban ma tsaya kansa ba. Bahaushe zai ɗauka kiran da aka yi a baya ake nufi. "Sake kira" kuma aikin wanda bai samu shiga ba ne, ya ƙara bugawa.

Wani ƙanena mai gyaran waya a Tudun Wada ya ce, "Yaya, ai filashin ne kawai." Ya kusa, don mai filashin ma so yake a kira shi kuɗin ya hau kan wani. Sai dai ba a ɗaga filashin. A nan kuwa ana ɗagawa, a tantance ka, sannan a katse. In muka ce filashin, tantancewar ta ɓace, alhali ita ce ginshiƙin abin.

"Ramakon kira" ya yi daɗi a baki, amma ramako na abin da ya kuɓuce ne, kamar azumi. A nan babu abin da ya kuɓuce.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne "mai da kira". Hausa ce tsantsa, matsalarsa ba ya faɗin ina aka mai da shi. Ana iya mai da kira kan wata lamba daban, wato karkatarwa, kuma karkatar da kira ita ce babbar hanyar karya wannan tsaro: in aka karkatar da layin gidanka, saba ta kira lambar daidai amma ta faɗa hannun wani. Bai kamata sunan kariya ya yi kama da sunan abin da ke karya ta ba. Wasalin "o" na ƙarshe ya raba gardamar. Kamar kai da kawo, aika da aiko, "maido" na nuna abin ya dawo wajen mai magana.

Na gwada shi a jimlolin darasin, ya zauna: "Kunna maido-kira a asusun ma'aikaci." "Saba ba ta maido kira ba, duba lambar da aka rubuta." "Kada ka bar maido-kira a kan lambar da mai kira ya zaɓa."

Malamai, Allah ya gafarta muku, tambayata ɗaya: a rubuce, in sa karan ɗori idan suna ne, in cire idan aikatau ne, ko in bar su iri ɗaya?