Wa ya ga irin wannan da idonsa?

Daga Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Fina-finan nan da ake ɗora wa mutum laifin da bai ji ba bai gani ba, mai bincike ya ci hanci, lauya ya yi ta fafutuka har gaskiya ta yi halinta, gidanmu ba a barin su. Ni dai suna sosa min rai. Wanda abin ya taɓa faɗa wa a zahiri, ya ba mu labari.

Daga Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanena haya yake da babur. Ya ɗauki fasinja da buhu, ashe kayan sata ne. Fasinja ya tsere, aka riƙe yaro. Dokar Kamaru ta ce tsarewar farko awa 48 ce, sai dai a sabunta, amma wa ya gaya mana a lokacin? Daga nan sai gidan kaso. Yau a ɗage shari'a, gobe a ce takardu ba su iso ba. Innarmu ta sayar da keken ɗinkinta, kullum tana kan hanya da kwanon abinci. Alƙali ya wanke shi daga baya, amma babur ya tafi, auren da aka sa masa ya watse. Wannan jiran ne fim ba ya nunawa.

Daga Kusuri: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Ku tuna Ahmed Abba, wakilin RFI Hausa. A Marwa aka kama shi a Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10, sai Disamban 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Shi da duniya ta san da zamansa ke nan.

Daga Injamena: Maigidana hannu ya sa a takardar Faransanci, bai san me ke ciki ba. A kotu aka karanta, wai ya amsa laifi. Da na ga ɗan fim ya miƙe yana kare kansa da harshensa, sai hawaye.

Daga Ngaundere: Sannu Hajiya. Ni kam fim ya amfane ni. Da aka kira ɗana, na ce ba zai sa hannu ba sai lauya ya zo, kuma dokar shari'ar laifuka ta Kamaru da ta fara aiki a 2007 ta ba shi wannan dama. An harare ni, amma an jira.

Daga Marwa: Baba, wanda ba shi da kuɗin lauya fa, ina zai nufa?