Jirgin sama a kan bel mai gudu: in sa tambayar a jarrabawa ko in bari?

Malamar Fiziks: Assalamu alaikum. Ina so in sa wa ɗalibaina wannan tambaya: jirgi yana kan bel irin na injin motsa jiki, bel ɗin na komawa baya daidai da gudun jirgin. Zai tashi? A wurina zai tashi, amma malaman ofishinmu sun rabu biyu. Wanda ya taɓa koyar da ita, yaya ta kaya?

Tsohon Direba: Ba zai tashi ba, Malama. In taya na juyawa a wuri ɗaya, babu inda za a je.

Bakanike: Baba, zancen mota kake yi. Mota da taya take tura ƙasa. Jirgi kuwa farfela ko injin ne ke tura iska baya, tayoyinsa juyawa kawai suke yi. Zai ci gaba, iska ta bi fuka-fukai, ya tashi; tayoyin ne za su juya ninki biyu. Shirin talabijin na MythBusters ya gwada a 2008, mota ta ja tamfol a ƙarƙashin ƙaramin jirgi, ya tashi.

Ɗaliba: Malama, don Allah kar ki sa. Tambayar nan ta kayar da ni a jami'a. Na rubuta zai tashi, na kawo dokar Newton ta uku (in ka tura abu, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai), malamin ya ba ni sifili. Na bi shi ofis, ya ce wai ina son nuna na fi shi sani. Sai da na maimaita kwas ɗin, har yau abin na ci mini rai.

Mai Raha: Injin motsa jikin gidanmu ko shanyar da aka rataya masa bai tayar ba, balle jirgi.

Tsohon Direba: Kai Bakanike, ka taɓa tuƙa jirgi ne?

Bakanike: Kai fa, Baba?

Wani Malami: Ƙanwata, ki duba yadda malaminki ya rubuta tambayar. In ya ce bel na daidai da gudun taya, ba na jirgi ba, tambayar ce ta lalace, don da jirgin ya motsa sharaɗin ya karye.

Ɗaliba: Ko takardata bai yarda na gani ba! Me ya sa ake hana ɗalibi ganin takardarsa bayan an yi maki?

Tsohon Direba: Nan kam ina bayanki. Haka aka yi wa jikata bara.