Na sauya sandar giya, ɗaya da biyu sun ƙi shiga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗaura wa motata gajeriyar sandar giya irin ta motocin tsere, da sababbin kebul biyu, na gaba da baya da na gefe. Uku zuwa biyar suna shiga sumul. Ɗaya da biyu kuwa sai na danne sandar zuwa hagu har tafin hannuna ya yi ja, sannan ta shiga da ƙara. Kuloci lafiyarsa ƙalau.

Sau uku ina saita kebul ɗin gefe a firi, abin bai canja ba. Shin matsalar bushin ɗin kan giyabos ce, wato zoben da bakin kebul ke zama a ciki, ko kebul ɗin ya lanƙwashe da yawa a ƙasa? Don Allah wanda ya taɓa wannan aiki ya taimaka min, ina tsoron in lalata haƙoran giyar.