Muhawara: Idan an ƙara wa hukumar haraji kuɗin bincike, wa zai ji a jikinsa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Magana ɗaya nake da ita kan sabuwar dokar harajin nan ta Najeriya da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Duk kobon da aka ƙara wa hukumar haraji don ta ɗauki masu binciken asusu, a kan mai shago da ɗan albashi zai ƙare. Babban mutum ba ya tsoron odita. Yana da lauya, yana da akanta, yana da wanda zai kira a waya. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Ɗan Panteka: Wallahi ka faɗi gaskiya, Yaya. Mu da muke bakin titi mu ake gani.

Yaya Akanta: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, ni ban yarda ba, kuma aikina ne kullum. Hukumar da ba ta da kuɗi ita ce take faɗa wa talaka. Rufe shago a Kasuwar Barci a nan Kaduna ba ya buƙatar komai sai mota ɗaya da kwaɗo. Amma a ce za a binciki mutumin da yake da gidajen haya a Malali da Unguwar Rimi, da kamfani uku, da asusu a bankuna daban-daban, wannan sai ƙwararren akanta da zai yi watanni yana bin takardu, da lauyan da zai tsaya a kotu, da kwamfutar da za ta haɗa bayanan fili da na mota da na kwangila. Duk waɗannan kuɗi ne. Idan babu su, ma'aikaci zai tafi inda ya fi sauƙi, kuma mu ne inda ya fi sauƙin.

Baban Khalifa: To idan an ba su kuɗin, me zai hana su sayi mota goma da kwaɗo ɗari?

Maman Ummi: Ku ba ni dama in sa baki, don abin ya taɓa ni. Na koyar a wata makarantar kuɗi a nan cikin gari, kowane wata ana cire mini haraji, yana nan rubuce a takardar albashi. Da na tashi neman takardar shaidar biyan haraji saboda wata buƙata, sai aka duba aka ce babu sunana, mai makarantar bai taɓa kai kuɗin ba. An cire daga guminmu, ya zauna a aljihun mutum ɗaya. Da akwai mai zuwa duba littattafansa ko sau ɗaya a shekara, da bai yi ba. Ni dai ina son a yi binciken, Baban Khalifa, domin rashinsa ne ya cuce ni.

Yaya Akanta: Allah ya saka miki, Maman Ummi. Abin da ya faru da ke yana cikin abubuwan da ake tararwa idan an shiga bincike. Doka ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya kai abin da ya cire kafin 10 ga watan da ke biye, sannan ya miƙa bayanin shekara na duk ma'aikatansa kafin ƙarshen Janairu. Shi kuma mutum a kan kansa yana da har 31 ga Maris ya cike fom ɗin bayanin kuɗin shigarsa. Ɗan albashi ba shi da hanyar ɓoyewa, tun kafin kuɗin ya shigo hannunsa an yanke. Wanda yake da hanyar ɓoyewa shi ne mai riƙe da kuɗin wasu, da mai samun da ba ya bi ta takardar albashi. Bincike don su aka yi shi.

Kawu na Kawo: 'Ya'yana, ku yi haƙuri da tsoho. Tsoron da Baban Khalifa yake ji ba daga sama ya faɗo ba. Mu mun ga zamanin haraji da jangali, lokacin da ake bin mutum har gida, wani ya kwana a daji don kada a kama shi a gaban iyalinsa. Shi ya sa da Malam Balarabe Musa ya hau gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1979 ya soke su, Abubakar Rimi ma ya yi haka a Kano, mutane suka yi murna ba kaɗan ba. Wancan harajin na kai ne, ba ya tambayar nawa ka samu. Na yanzu a kan samu yake. Amma a zuciyar mutanenmu sunan ɗaya ne, kuma wanda ya aiko ma'aikaci da tsawa yana farfaɗo da tsohon ciwo.

Ɗan Panteka: Kawu, ranka ya daɗe, har gobe ana yi. Bara wasu suka zo mini da rasit a hannu, suka ce in biya nan take ko su kwashe kayan aiki. Ban ma san daga ina suke ba.

Kawu na Kawo: Ɗana, tun dokar harajin jiha ta 2016 aka hana karɓar kuɗin gwamnati a hannu a Kaduna, aka mayar da tarawa ƙarƙashin KADIRS, wato hukumar harajin jiha, biya kuma ta banki. Duk wanda ya ce ka miƙo masa tsaba, ka nemi katin shaidarsa da takardar da aka rubuto maka, kada ka ba shi.

Yaya Akanta: Kuma wannan gyaran ya nuna abin da nake faɗa. A 2015 kuɗin shigar da jihar nan take tarawa da kanta bai kai naira biliyan 15 ba. A 2020 ya haura biliyan 50. Toshe ɓaraka da shigar da aiki cikin kwamfuta sun taka rawa sosai, kuma ba kyauta aka yi su ba.

Baban Khalifa: Ƙanena, lissafinka ya nuna an tara, bai nuna daga wa aka tara ba. Nan ne gardamata take. Sannan ka duba yadda ake biyan masu tarawar. Hukumar harajin tarayya FIRS, wadda yanzu ta koma NRS, ta daɗe tana riƙe kashi 4 cikin 100 na abin da ta tara wanda ba na mai ba, Kwastam kuma a da kashi 7. Mutumin da abincinsa yake rataye da yawan abin da ya karɓo, wa zai bi? Wanda zai kai shi kotu shekara biyar, ko wanda zai biya yau don tsoron kwaɗo? Ga kuma tarar rashin cike fom a sabuwar doka, naira 100,000 a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa. Ga mai kamfani wannan ba komai ba ne. Ga mai walda a Panteka jarinsa ne gaba ɗaya.

Maman Ummi: Wannan tarar kam ta tsorata ni. Mutane nawa ne a Rigasa suka san akwai wani fom da ake cikewa a watan Maris?

Yaya Akanta: A kan tarar ina tare da kai, Yaya, ta yi nauyi ga ƙaramin mai sana'a, kuma bai kamata a fara da ita ba kafin a wayar da kai da Hausa a rediyo da kasuwanni. Amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, a haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Malamin da yake ɗaukar 100,000 a wata, abin da zai hau kansa bai wuce 5,000 a wata ba, tun ma kafin a cire fansho da rangwamen haya, wanda shi ne kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa 500,000. To ina kuɗin yake a wannan tsari? Yana sama. Hukumar da ta ɓata ƙarfinta a kan masu samun 800,000 ba za ta fitar da ko kuɗin man motarta ba.

Baban Khalifa: A takarda.

Yaya Akanta: A takarda, na'am. Shi ya sa ban ce a zuba kuɗi a rufe ido ba. Ko a Amurka da majalisarsu ta ware wa hukumar harajinsu kusan dala biliyan 80 a 2022, irin wannan gardamar aka yi, har sakatariyar baitulmalinsu ta ba da umarnin kada a yi amfani da kuɗin wajen ƙara yawan bincike a kan masu samun ƙasa da dala 400,000 a shekara. Daga baya ma an zaftare wani ɓangare na kuɗin. Abin ɗauka a nan shi ne sharaɗin. Majalisar dokokin jiha ce take amincewa da kasafin hukumar harajin jiha, tana da ikon cewa kowace shekara a kawo mata adadin binciken da aka yi, da rukunin masu samun da aka bincika, da abin da aka ƙwato daga kowane rukuni, ba tare da sunan kowa ba.

Kawu na Kawo: Wannan ita ce maganar da za ku kai wa ɗan majalisarku. Ina ƙara muku da cewa wanda aka yanka wa harajin da bai yarda da shi ba yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi. Idan ba a daidaita ba, kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma a nan Kaduna take zama. Mutanenmu ba sa rubutawa, sai su tafi neman wanda ya san wani, kwanakin su wuce, kuɗin ya tabbata a kansu.

Baban Khalifa: Na ji, Kawu. Amma ina nan a kan bakana har sai na ga wannan lissafin da Akanta yake faɗa an buga shi kowa ya karanta. A fara nuna mini bincike nawa aka yi wa masu samun sama da miliyan 50, sannan a zo a yi mini maganar ƙarin kuɗi.

Maman Ummi: Yaya Akanta, ni kuma nawa fa? Kuɗin da aka cire mini ya tafi ke nan?

Yaya Akanta: Bai tafi ba, bashi ne a wuyan wanda ya cire bai kai ba, ba a wuyanki ba. Ki tattara takardun albashinki da bayanin asusunki na banki na waɗannan shekarun, ki rubuta wa hukumar harajin jiha, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ana iya komawa baya har shekara shida a bincike, don haka kada ki bari lokaci ya ja. Idan akwai sauran malaman da aka yi wa haka, ku sa hannu tare.