Neman kalma: me za mu kira UHF da Hausa?

Jama'a, sallama. Ni ke kula da masu gadi a wani sito a Apapa, yawancinsu yaranmu ne daga gida. Kwanan baya na je Alaba na ƙaro oba-oba guda huɗu, muka dawo muka kunna, shiru, sun ƙi magana da tsofaffin da muke da su. Sai da na juya bayansu na ga tsofaffin an rubuta VHF, sababbin kuma UHF, wato ba a kan irin igiyar rediyo ɗaya suke aiki ba. Mai shagon bai tambaye ni ba, kuma ya ƙi karɓar kayansa. Da na tsaya yi wa yaran bayani sai na rasa kalma, abin ya tsaya mini a rai.

Ga abin da ake nufi. Saƙon rediyo igiya ce mai kaɗawa, ana ƙirga kaɗawarta a daƙiƙa ɗaya, kaɗawa miliyan ɗaya ita ce megahaz ɗaya. UHF, wato Ultra High Frequency da Turanci (kaɗawa mai yawan gaske), ya fara daga megahaz 300 ya tsaya a 3,000, VHF kuma yana ƙasa da shi. Duk yadda kaɗawa ta ƙaru, tsawon igiyar raguwa yake yi: a 300 mita ɗaya ne, a 3,000 santimita 10 kacal. Wayar salula da ta shigo Najeriya a 2001 a nan take aiki, kan 900 da 1,800. Wi-Fi da Bluetooth na kan 2,400. Tashoshin talabijin da yawa ma nan suke. Kullum abin yana aljihunmu, amma ba shi da suna a bakinmu.

Na fara kai maganar wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Agege. Ya ce, “Yaro, ai muna da zango. Gajeren zango, matsakaicin zango, da su muka tashi muna jin BBC. Ku ce gajeren gajere mana.” Na ce, “Baba, a nan gizo ke saƙa.” Gajeren zango igiyarsa daga mita 10 take zuwa 100, kuma shi ne mai nisan tafiya, domin yana bugun saman sararin samaniya ya dawo ƙasa, shi ya sa murya daga Ingila take iso Mile 12. Mai sauraro kuwa in ya ji zango, tafiyar fatake ce ke zo masa a rai, sai ya ɗauka gajere ba ya nisa. In muka ɗora wani gajeren a kai, mun ƙara rikita mutane.

(Haka ma “mita” da gidajen FM ke faɗa. In an ce mita 99.5, megahaz ake nufi, igiyar kanta wajen mita 3 ce. Wannan ya riga ya zauna a baki, ban ce a taɓa shi ba.)

Wani malamin makaranta a Idi-Araba ya kawo “maɗaukakin zango”. Yana da daɗin faɗa, amma ban yarda ba. Maɗaukaki ba a wuce shi, alhali akwai na sama da UHF, wanda farantin tauraron ɗan'adam ke kamawa. Su kuma me za mu kira su?

Tawa shawarar ita ce “zangon kamu”. Kamu dai ma'aunin masu ƙyalle ne, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kusan santimita 45. Oba-obanmu na aiki wajen megahaz 450, igiyarsa kamu ɗaya da rabi ke nan. Ta salula a 900 ba ta cika kamu ba. Duk zangon bai wuce kamu biyu da ɗan ɗori ba. Na gwada a kan yaran: na miƙa hannu na ce ga tsawon igiyar sababbin, ta tsofaffin kuwa ta fi tsayin mutum. Nan take wani ya ce, “Oga, shi ya sa eriyar waɗannan ta fi gajarta?” Haka ne kuwa. Kuma gajeriyar igiya ta fi iya kutsawa ta tagogi da tsakanin kwantena, sai dai ba ta bugun sama ta dawo, kusan iyakar ganin ido take tafiya. Dalilin da ya sa ƙarafan sabis suka cika Legas daga Ikeja har Obalende ke nan.

Malamin ya ce kamu na iya kai hankali ga kamun 'yan sanda ko kamun amarya. Na ce, “Malam, ai ‘rediyo ta kama tasha’ muke cewa, ‘sabis bai kama ba’ muke cewa. Wannan ma'anar ta biyu riba ce gare mu.” Baba na Agege ya yi shiru, ya auna hannunsa da eriyar da ke kan teburinsa, ya ce a bar shi haka.

A sitonmu dai zangon kamu muke cewa yanzu, na rubuta shi da fenti a bayan sababbin huɗun. Saura VHF, mai igiya daga mita 1 zuwa 10. Masaƙa da masu awon gona da ke cikinmu, wane ma'auni kuke da shi da ya kai wannan tsawon?