Insulin ko a koma kan ƙwayoyi bayan tiyata? Ina neman jin ta bakin waɗanda abin ya faru da su

'Yar Auta:
Assalamu alaikum. An yi wa mahaifiyata tiyatar cire madaciya, aikin buɗe ciki ne saboda kumburin ya yi tsanani, kuma yanzu an sallame mu. Ta daɗe da ciwon sukari irin wanda ke kama manya, tana shan metformin da glibenclamide, ba ta taɓa yin allurar insulin ba sai a wannan kwanciya, da sukarinta ya haura 300 washegarin aikin. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne likitoci biyu sun faɗa mana magana biyu. Wanda ya yi aikin ya ce ta koma kan ƙwayoyinta tunda ta fara cin abinci, shi kuwa likitan sukari da ya leƙo mu ranar sallama ya ce ta ci gaba da insulin har ɗinkin ya warke, domin gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na 'yan watannin baya, ya nuna 9.4, gwajin ƙarfin ƙoda kuma ya sauko zuwa 36, alhali kafin aikin yana sama da 60. Cin abincin ma ba na kirki ba ne, loma kaɗan take yi ta ture kwanon, kuma ita kaɗai take yini a gida idan na tafi aiki. Ita dai ta kafe cewa duk wanda ya fara allura ba ya dainawa har ƙarshen rayuwarsa. Don Allah waɗanda aka ɗora su a kan insulin bayan tiyata, musamman masu raunin ƙoda, kun daina daga baya, kuma ta yaya aka yi sauyin?

Malam Dogo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ni an yi mini aikin ƙaba, kuma washegari na koma kan metformin ɗina ba tare da wata matsala ba, har yau lafiyata ƙalau. Ra'ayina shi ne a bar tsohuwa ta sha abin da jikinta ya saba da shi, domin allura ta waɗanda ƙwaya ta gaza musu ce.

Hajiya Babba:
'Yata, kada ki bari a tsorata ku da allura. Na yi shekaru ina yi wa kaina, bakin allurar siriri ne ƙwarai, zafin huda yatsa don gwaji ma ya fi nata. Tun da na fara, ƙishirwar dare da yawan fitsari suka bar ni. Ki ce da ita wata 'yar'uwarta tana gaishe ta.

Baban Ummi:
Ban so in yi magana ba, amma shiru a nan zalunci ne. An yi wa mahaifina tiyata a mafitsara, aka sallame shi da kwalbar insulin mai launin madara, aka ce safe da yamma, kuma ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana yadda ake ja ko ya faɗa mana abin da za mu lura da shi. Ba wanda ya ce ya ajiye glibenclamide ɗin da yake sha tun tuni, don haka ya ci gaba da shan kayansa kamar yadda ya saba, ga allura, ga rashin cin abinci saboda tashin zuciya. Wani dare na shiga ɗakinsa na tarar da matashin kansa ya jiƙe sharkaf da gumi, hannunsa sanyi ƙalau, yana ta maganganun da ba su da kai, yana kirana da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ina yaro. Muka ɗauka zazzaɓi ne ya sauka, muka lulluɓe shi muka bar shi ya yi barci. Da asuba muka yi ta tashinsa bai tashi ba, haƙoransa a datse, na'urar gwajin kuma ba ta nuna lamba ba, haruffa biyu kawai ta nuna, LO, wato sukarinsa ya faɗi ƙasa ƙwarai. A asibiti aka yi masa ƙarin ruwan sukari ya farfaɗo, da yamma ya sake faɗuwa, aka sake yi masa. Ya rayu, amma mutumin da ya dawo gida ba shi ne wanda muka sani ba, ba ya riƙe magana, ba ya gane jikokinsa, kuma a haka ya koma ga Mahaliccinsa. Ki ce tsohuwa tana yini ita kaɗai, sannan a ce a miƙa mata allura? Ni ba zan taɓa ba kowa wannan shawara ba.

Hajiya Babba:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Mai Jinya:
Allah ya gafarta wa Baba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin masu tiyata, kuma da girmamawa nake cewa abin da ya same shi ya fi kama da haɗuwar abubuwa uku, wato insulin da glibenclamide da rashin cin abinci, ga kuma rashin bayani. Faɗuwar da ya sake yi da yamma ma halin glibenclamide ne, domin yana daɗewa a jiki, musamman ga tsoho mai raunin ƙoda, kuma shi kaɗai ba tare da wata allura ba yana iya jefa mutum cikin wannan hali. Saboda haka komawa kan ƙwaya ba shi ne tsira ba a wurin mahaifiyar mai tambaya, tunda wannan ƙwayar ce take sha, ƙodarta ta yi rauni, kuma ba ta cin abinci. Shi metformin ba ya faɗar da sukari ƙasa da kima da kansa, amma ƙoda ce ke fitar da shi, ba a ba da shi idan ƙarfinta ya gaza 30, tsakanin 30 da 45 kuma ana rage adadinsa, kuma ana son a ga lambar ta tsaya wuri ɗaya kafin a mayar da shi.

Game da tsoron Mama, tiyata tana sa jiki ya saki sinadaran da ke tayar da sukari, wani lokaci kuma ana ba majinyaci dexamethasone don hana amai, shi ma yana tayar da shi na ɗan lokaci. Na ga mutane da yawa da suka yi insulin na 'yan makonni, jiki ya lafa, aka mayar da su kan ƙwaya. Wanda ba ya rabuwa da shi shi ne mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato irin wanda jiki ba ya samar da insulin, ko wanda aka cire masa gaɓar da ke samar da insulin gaba ɗaya. Kuma ba a neman sukari ya sauka ƙasa sosai a wannan lokaci, a asibiti yawanci tsakanin 140 da 180 ake nema. Wani babban bincike da aka wallafa a 2009, a kan majinyata sama da 6,000 a ɗakunan kulawa ta musamman, ya nuna cewa waɗanda aka matsa wa sukarinsu zuwa tsakanin 81 da 108 sun fi mutuwa a kan waɗanda aka bar nasu ƙasa da 180 kawai.

Baban Ummi:
Malama, duk wannan bayani mai daɗi ina yake ranar da aka sallame mu? Irinku ne suka miƙo mana kwalbar suka juya baya. Yanzu da ƙasa ta rufe ido kowa ya zama masani.

Mai Jinya:
Ba zan kare waɗanda suka sallame ku a haka ba, Malam, sun yi kuskure babba. Abin da nake gudu shi ne 'yar'uwarmu ta karanta labarinka ta ajiye allurar ta ɗauki ƙwayar da ta fi haɗari ga mahaifiyarta.

Na Bayan Layi:
Ku yi mini afuwa in ɗan sassauta zaman. Bayan aikin gwiwata likita ya gargaɗi uwargida cewa idan sukari ya gaza 70 ta yi maza ta ba ni abu mai zaƙi. Ashe na'urar da ɗana ya aiko mini da ita da wani ma'auni daban take ƙirgawa. Daren farko ta gwada ni ta ga 9, ta ɗora hannu a ka tana salati, ta dama ruwan sukari kofi guda ta tsaya a kaina sai na shanye, ni kuwa ina ta rantsuwa cewa garau nake. Sai da safe muka gane cewa ana ninka lambar sau 18 ne, wato 9 ɗin nan 162 ce. Tun ina yaro ba a taɓa yi mini ɗure da ƙauna irin wannan ba.

Malam Dogo:
Ban da haka ma akwai maganar kuɗi, wadda ba wanda ya taɓo. Maƙwabcina yana amfani da insulin irin na alƙalami, kuma abin da yake kashewa a wata ɗaya ya fi abin da nake kashewa a ƙwayoyin wata uku.

Hajiya Babba:
Malam Dogo, wannan lissafi bai yi daidai da nawa ba. Ni ta kwalba nake saya da sirinji, kuma ta fi mini araha nesa ba kusa ba a kan sabuwar ƙwayar da aka taɓa rubuta mini, wadda na kasa ci gaba da saye.

Uwar Biyu:
Ku duka biyun kun bar inda kuɗin yake tafiya. Ba allurar ce ke cinye aljihu ba, tsinken gwaji ne, domin mai yin insulin bayan tiyata sai ya gwada sau uku ko huɗu a yini, kuma kowace na'ura da nata tsinken. Ni dai bayan haihuwar da aka yi mini ta tiyata ban daɗe a kan insulin ba aka cire ni. Amma me ya sa ba za ku nemi a rubuta mata ƙwayar sukarin nan dapagliflozin ba? Yayata tana sha, an ce ma yana kare ƙoda.

Mai Harhaɗa Magani:
Uwar Biyu, naki sukarin na juna biyu ne, wanda kan tafi bayan haihuwa, bai yi kama da na wannan baiwar Allah ba. Dapagliflozin da 'yan'uwansa magunguna ne masu amfani, amma wanda aka yi wa tiyata kwanan nan kuma ba ya cin abinci ba lokacinsa ba ne, domin suna iya sa jini ya yi tsami ta hanya mai haɗari alhali na'ura tana nuna sukari kusan daidai. Shi ya sa a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce a dakatar da shi kwana 3 kafin tiyatar da aka tsara. Idan kuma insulin za a ci gaba da shi, a duba cewa ƙarfin da aka rubuta a kwalba ya yi daidai da na jikin sirinji, domin akwai U-100 akwai U-40, kuma jan insulin U-100 da sirinjin U-40 yana ba mutum ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. Kwalbar da ba a buɗe ba a ajiye ta a firji ba tare da ta daskare ba, wadda aka buɗe kuma yawanci kimanin kwana 28 take yi a wuri mai sanyi-sanyi, nesa da rana. Ni a ganina irin waɗannan tambayoyi wurinmu ya kamata a kawo su, tunda mu ne muke ganin dukan magungunan mutum a takarda ɗaya.

Mai Jinya:
Kuna ganin takarda, Malam, mu kuwa muna ganin ɗinkin da ya buɗe yana fitar da mugunya saboda an bar sukari a sama da 250 mako guda. Amma ko ni ko kai ba mu ne za mu yanke ba, likitan sukarin ne ya duba ƙodarta.

Malam Dogo:
To shi likitan da ya buɗe cikin da hannunsa, ya ga abin da ke ciki, maganarsa ba ta da nauyi ke nan? Ni ban ga dalilin da zai sa wanda ya leƙo sau ɗaya ya fi shi sani ba.

Hajiya Babba:
Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Dukanku ba wanda ya taɓa jin yadda gwiwa ke saki da yadda ido ke yin duhu idan sukari ya faɗi. Mu da muke ɗauke da ciwon ai mu ma muna da abin faɗa, kuma abin da zan faɗa shi ne kada a bar ta ita kaɗai a makonnin farko, ko allura take yi ko ƙwaya take sha.

'Yar Auta:
Na gode muku duka, Baban Ummi kuma Allah ya jiƙan Baba, labarinka ya hana ni barci. Bayan na karanta shi na ɗauko takardar sallamar na sake dubawa, sai na ga an rubuta insulin a sama da wani rubutu, a ƙasa kuma da wani rubutun daban an ce ta ci gaba da magungunanta na gida, ba a ambaci sunan ko ɗaya ba. Ban ba ta glibenclamide ba tukuna, kuma da yamman nan sukarinta 228 ne. Na kira lambar da ke jikin takardar ba a ɗauka ba, ranar da aka ba mu ta komawa kuma sai bayan mako huɗu, a ɓangaren tiyata kawai.

Mai Jinya:
Kada ki jira mako huɗu, ƙanwata. Gobe da safe ki ɗauki takardar da dukan magungunan a jaka ɗaya ki koma ki nemi likitan sukarin ya rubuta da hannunsa abin da za a sha da abin da za a ajiye, da ranar sake gwajin ƙoda. Idan ta fara amai, ko ta ruɗe, ko ɗinkin ya yi ja yana ruwa, a daren nan za ku tafi.

Baban Ummi:
Kun gani ko? Takarda iri ɗaya ce da tamu, har da wannan jumlar ta a ci gaba da magungunan gida. Shekaru sun wuce ba abin da ya sauya.

Uwar Biyu:
Tawa takardar ma ba wanda ya iya karanta ta, sai da aka zagaya da ita wurin mutum uku a kantin magani, kowa ya faɗi sunan magani daban. Ban san abin da ya hana a riƙa buga ta da kwamfuta ba.

Mai Harhaɗa Magani:
Bugawa da kwamfuta ba ta magance wannan, Hajiya, domin na sha karɓar takardu bugaggu tsaf waɗanda aka kwafo jerin magungunan ranar kwanciya aka liƙa a ranar sallama, har da waɗanda aka dakatar tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Malam Dogo:
Ni ko takardar ma ba a ba ni ba, da baki aka faɗa wa ƙanina a bakin ƙofa, shi kuma kafin mu iso gida ya manta rabi.