Ataya na wanke kitsen jini? Muhawarar 'yan majalisar Aboabo, Kumasi

Alhaji mai ataya: Salamu alaikum. Maganar da na yi jiya bayan isha'i ina nan a kanta: ataya na wanke kitsen jini, yana kuma kare zuciya. Tun ina saurayi nake sha, har yau garau nake jin kaina.

Nas: Baba Alhaji, kana da gaskiya ta wani gefe. Ataya koren shayi ne, yana da sinadaran katekin, babbansu EGCG. Suna rage kitsen da hanji ke tsotsa, a ɗakin gwaji kuma an ga suna hana mugun kolestarol, wato LDL, lalacewar da ke sa shi manne wa jijiya. Sai dai ragin kaɗan ne. Da aka haɗa gwaje-gwaje 14 a 2011, LDL ya sauka da kusan miligiram 2 kacal a kowace desilita ta jini. Statin kuwa, maganin rage kolestarol, yakan rage kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari.

Malamin makaranta: To Japan fa, 'yar'uwa? Binciken Ohsaki na 2006 ya bi mutum 40,530 har shekara 11. Masu shan koren shayi kofi biyar ko fiye a rana sun fi tsira daga mutuwar ciwon zuciya da shanyewar jiki.

Hajiya: Malam, ka zo ka ga butar maigidana! Ganye ɗan cikin tafi, sukari kuwa cike da ƙaramin kofi, a yi ta juyawa har kumfa ta tashi, zagaye uku, ga cicinga a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babba ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini. Abin yana damuna wallahi, don yana da hawan jini.

Nas: Nan Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Mutanen Japan ba sa zuba wa nasu sukari. Kuma binciken lura kawai ya yi da su, cimarsu ma daban ce da tamu.

Autan majalisa: Yaya, in mutum ya sayi ƙwayoyin magani da ake yi da koren shayi fa?

Nas: A'a ƙanena. A 2018 hukumar abinci ta Turai ta ce EGCG miligiram 800 a rana cikin ƙwaya na iya taɓa hanta. Baba, kitsen jini ba ya sa jin zafi balle ka sani. Don Allah ka je asibitin Komfo Anokye a auna.

Alhaji mai ataya: Zan je ranar Litinin, 'yata, sukarin ma zan raba shi biyu. Amma kaɗan ɗin nan da kika raina, ni ban raina shi ba.